Ladingo da Sanƙon Uwar Gulbi

Ga ta, ga ta, ta tsaya a ƙofar zaurenku tana sallama.

Ta shigo mu ji ta!

To, ku matso. Kai Ɗanjuma, janye ƙafarka daga tabarmata, ba kai ka saƙa ta ba. Ke kuma mai dariya tun ba a fara ba, adana ta, za ki neme ta gaba.

Wani gari ne a bakin gulbi, ana ce masa Marken Tudu. A garin akwai wata makitsiya, sunanta Tabawa. Hannu dai Allah ya ba ta. In ta ja tsaga, sai ka rantse da zare ta auna. In ta yi wa mace shuku, mijin sai ya yi sallama sau biyu, yana zaton gidan wani ya faɗa.

Amma baki! Wayyo bakin Tabawa.

Kun dai san yadda kitso yake. Mace ta zo ta zauna a ƙasa, ta kwance ɗankwali, ta ɗora kanta a cinyarki. Abin da ko mijinta bai gani ba, ke kin gani: furfura, tabo, ƙwarƙwata. Shi ya sa tun kaka da kakanni makitsiya ba ta tona abin da ta tarar a kan mutum. In ma faɗa ya kama, sai ta sunkuya ta raɗa wa mai kan a kunne. Tabawa kuwa, ina! A gindin marke take kitsonta, mata sun kewaye ta suna jiran layi. Tana buɗe kai sai ta ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku ga garke, har da makiyayinsa!" Mata su kwashe da dariya. Mai kan ba ta da halin tashi, an kitse rabi an bar rabi. In wata ta yi ƙorafi, Tabawa ta ce, "Haba ke kuwa, wasa ne."

Tabawa tana da 'ya guda, Ladingo. Ita ke riƙe ƙoƙon man shanu. To, makitsiya a bayan mutum take zama, ƙeya kawai take gani. Ladingo ce ke zaune ta gaba, ita ke ganin fuska. Ita ke ganin ido ya ciko, ana cije leɓe, ana haɗiye kuka. Abin yana ci mata rai, amma uwa ce, me za ta ce?

Ana nan, ana nan, ran wata kasuwa sai ga wata tsohuwa baƙuwa, ta naɗe kanta da ɗankwali har uku. Ta yi sallama, ta durƙusa kusa da Tabawa, ta ce a hankali, "'Yata, kitso nake so. Amma don Allah mu shiga ɗaki."

Tabawa ta ce, "Ɗaki? Kan naki na zinariya ne? Nan kowa ke zama."

Tsohuwa ta sake roƙo. Ta kuma sakewa. Tabawa ta fizge ɗankwali na farko, ta fizge na biyu, ta fizge na uku. Sai ga gashi fari fat, a cukurkuɗe, tsakiyar kan kuwa sanƙo ne fal, faɗin faifai, yana ƙyalli.

Tabawa ta tafa hannu ta ce, "La ila! Ku kawo hatsi mu yi shanya, ga fili!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Har masu awo suka bar mudu suka zo kallo. Ladingo ta dubi fuskar tsohuwa, ta ga ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Tsohuwa ta tsince ɗankwalayenta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura. Ta ce, "Kin iya kitso, 'yata. To, ga naki." Ta juya ta bi bakin gulbi, ta ɓace.

Tabawa ta buɗe baki za ta ce wasa ne. Shiru. Ta sake buɗewa. Shiru. Harshenta ya rabu gida uku, ya kitsu tsaf, kamar kalaba. Ba magana, ba dariya, tuwo ma ba ya wucewa, sai kunu ake ɗura mata da ludayi. Kafin gari ya waye kuma, gulbi ya ƙafe ƙaf, sai yashi da kifi suna birgima. Ashe Uwar Gulbi ce aka yi wa dariya.

Kun ga waɗanda suka fi kowa dariya jiya? Su suka fi kowa zagin Tabawa yau. Mutane kenan!

Ladingo ta zauna tana duban uwarta tana ramewa. Da daɗi da ba daɗi, muryar nan ita ta yi mata tawai tana goye. Ta ce, "Inna, zan bi gulbin nan har inda ya faro. Ba zan dawo ba sai da muryarki." Ta ɗauki tsinken kitso, ta ɗauki mataji, ta ɗauki ƙoƙon man shanu, ta kama hanya cikin yashi.

Ba ta yi nisa ba sai ga Gizo. Kun san Gizo, in ya ji ƙanshin rigima ko na abinci, ba ya zama. Ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Yayinya, shannu! Bayi in yaka ki, na ji an ce tsohuway nan akwai kyauta."

Ladingo ta ce, "Hanya ta kowa ce, Baba Gizo. Bismilla."

Tafiya, tafiya, sai suka tarar da Ungulu a kan busasshen reshe, ta yi jugum. Ta ce, "Ke 'yar makitsiya, tsaya. Dubi kan nan nawa ki faɗa mini, wane kitso ne zai dace da ni?"

Gizo ya faɗi ƙasa yana shure-shure. "Kitsho? A bayan ƙwayya? Yayinya, faɗa mata, faɗa mata! Ai washa ne!"

To, kada ku ɗauka Ladingo waliyyiya ce. 'Yar Tabawa ce fa. Wata baƙar magana mai ban dariya ta taso mata tun daga ciki, ta zo har kan harshe. Sai ta dubi fuskar Ungulu, ta ga irin idon da ta saba gani a gindin marke. Ta haɗiye maganar, muƙut. Ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba, babu gashin da tsinke zai kama. Amma na ga rana ta gasa miki fata har ta tsattsage. In kin yarda in shafa miki mai."

Ungulu ta sunkuyar da kai. Ladingo ta lakato man shanu tana shafawa, tana waƙa:

Tsinke, bi a sannu,
Kai na mai shi ne.
Ido ya gani, hannu ya gyara,
Baki ya ce sannu.

Ku amsa mana, ko barci ya fara? Yauwa.

Ungulu ta ce, "Tun da aka ƙyanƙyashe ni, ba wanda ya taɓa kan nan sai da jifa. Inda za ki akwai nisa, hanya kuma ta rarrabu. Ki riƙa duban sama, inda na yi ki yi."

Tafiya, tafiya, Ungulu a sama, su a ƙasa, sai suka tarar da Beguwa a bakin raminta, ita kaɗai. Ta ce, "Ke 'yar makitsiya, tsaya. Ana biki a danginmu, ni ce kullum ba mai taje ni. Ko za ki taimaka?"

Ladingo ta zauna, ta sa mataji. Sawa ɗaya, ƙaya ta soke ta a yatsa, caɓ! Jini ya ɓalle. Zafi ya hau mata har ƙwaƙwalwa.

Gizo ya yi tsalle. "Zage ta! Zage ta da uwayta da ubanta! Ni ne shaida, ita ta faya!"

Zagin ya taso, ya zo har kan harshe, mai zafi, irin wanda in an yi shi ba ya goguwa. Ladingo ta dubi fuskar Beguwa, ta ga kunya ta rufe ta, tana neman komawa rami. Ta haɗiye zagin, muƙut. Ta ce, "Iya, ƙayarki ta soke ni, kuma wallahi da zafi. Amma na san ba da gangan ba ne. Ki kwantar da ita, ni kuma in bi ta yadda ta kwanta, sai mu rabu lafiya."

Beguwa ta sake jiki, ƙaya ta kwanta luf. Ladingo ta taje ta tana waƙa:

Tsinke, bi a sannu,
Kai na mai shi ne.
Ido ya gani, hannu ya gyara,
Baki ya ce sannu.

Beguwa ta zaro ƙaya guda, doguwa, mai zanen baƙi da fari. Ta ce, "Kowa na soka sai ya tsine mini, ke kaɗai kika faɗa mini da zafi ba ki haɗa da iyayena ba. Riƙe wannan. Akwai gashin da tsinken itace ba ya iya masa."

Tafiya, tafiya, sai suka faɗa fadar Zaki. Manyan dawa yana zaune yana susa, gezarsa ta cika da ƙarangiya, ta dunƙule, tana wani irin tsami da tun daga nesa ake ji. Kura da Dila da sauran fadawa sun kewaye shi, kowa yana numfashi ta baki.

Zaki ya yi gurnani ya ce, "Ke 'yar mutum! An ce ku ne masanan gashi. Faɗa mini a gaban fadawana, yaya kika ga gezata?"

Dila ya raɗa mata, "Wanda ya ce da wari, an cinye shi. Ki ce ƙanshi, kamar yadda muke cewa."

Gizo kuwa tuni ya zube. "Yanka ya daɗe, tuyaye! Wallahi tuyaye!" Ya koma bayan Kura yana toshe hanci yana gwalo.

Ladingo ta buɗe baki. Ƙarya ta taso, ta zo har kan harshe, mai sauƙi, mai santsi. Sai ta dubi fuskar Zaki, ta ga idonsa ya yi ja don rashin barci, ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Ta haɗiye ƙaryar, muƙut. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, a sana'armu ba a buɗe kan babba a bainar jama'a. A ba mu wuri."

Zaki ya kaɗa wutsiya, fada ta watse. Sai ta matsa kusa da kunnensa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarangiya ta cika gezarka, ƙarƙashinta ya yi miki, shi ke tashi. Ba abin kunya ba ne, wanda ke ratsa daji don tsaron na baya shi ke kwasar ƙarangiya. In ka ba ni izini, yau za ka yi barci."

Zaki ya daina susa. Can ya ce, "Shekara da shekaru ina tambaya. Masu gaskiya su yi mini ita a gaban yarana, masu ladabi su yi mini ƙarya." Ya kwantar da kai a cinyarta kamar ɗan maraƙi. Ta tsince, ta taje, ta shafa mai, tana waƙar nan tata. Gashin da ya zube ya taru tuli guda. Zaki ya ce, "Kwashe, naki ne. Duk dajin nan kuma ba mai taɓa ki."

Ta ƙulle gashin a bakin zane, suka wuce.

Ungulu ta kai su har bakin wani kogo a gindin dutse, ta sauka ta ce, "Nan ne." Ladingo ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Shiru. A ta uku aka ce, "Shigo."

Tsohuwa tana zaune ta juya baya. A gefenta ga wani tulu, tsayinsa ya kai rumbu, an sauke shi a ƙasa. Ruwan gulbin nan kaf yana ciki, ana jin yana ruri.

Tsohuwa ta ce, "'Yar wa?"

Ladingo ta durƙusa ta ce, "'Yar Tabawa ce, Kaka."

"Me kika zo nema?"

"Muryar innata."

Tsohuwa ta juyo. Ta ce, "Abu mai sauƙi. Zage ta. Ki ce uwarki banza ce, 'yar banza, ki faɗa sau uku in ji sanyi a raina. Sai in kwance mata harshe."

Gizo ya ce, "Shauƙi! Ai ba ta nan, ba za ta ji ba. Faɗi mu tafi!"

Kun ga inda aka kai yarinya? Ga muryar uwarta a tafin hannu, kuɗinta kalma uku. Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Kaka, abin da inna ta yi miki mummuna ne. Ina wurin, na ga fuskarki, har yau ban manta ba. Kin roƙe ta sau uku ta ƙi. Ba zan ce ba ta yi laifi ba. Amma ba zan zage ta ba. Baki ne ya kawo mu nan, ban ga yadda wani zagin zai mayar da mu gida ba. Kitso kika je nema ba a yi miki ba. Ga hannuna, ita ta koya masa. Bari ya biya abin da bakinta ya ɓata."

Tsohuwa ta miƙo mata kai. Ta ce, "To, kwance."

Ladingo ta ce, "Baba Gizo, don Allah ɗan jira mu a waje." Gizo ya fita yana ƙunƙuni, ya laɓe a bakin kogo yana leƙe.

Ta kwance ɗankwali na farko, ta ninke. Ta kwance na biyu, ta ninke. Ta kwance na uku, ta ninke. Ga sanƙo nan, faɗin faifai.

Tsohuwa ta ce, "Me kika gani?"

Ladingo ta sunkuya ta raɗa mata, "Na ga gashi ya zube a tsakiya, fatar wurin ta yi kanta. Irin wannan ba ciwo ke kawo shi ba, Kaka, kaya ne. Me kike ɗauka haka?"

Sai tsohuwa ta fashe da kuka. Ta nuna tulun nan ta ce, "Shi. Tun kafin a kafa garinku nake ɗauke da shi a kaina, ina tsiyaya muku. Rani da damina, ban taɓa saukewa ba, ko gammo ba ni da shi. Ruwan da aka yi wa uwarki wankan suna da shi, a kan nan ya zauna. Shi ya cinye mini gashi. A kansa aka tara mini kasuwa ana dariya. Ba wanda ya ce, me ya same ki?"

Ladingo ta ce, "Sannu, Kaka. Sannu da ɗawainiya. Sannu."

Ta sa tsinken itace, ya karye ƙaras. Sai ta zaro ƙayar Beguwa. Ta tsefe, ta taje, ta ƙarar da man shanunta kaf a kan. Ta fara jan tsaga tana waƙa. Abin mamaki, duk tsagar da ta ja a kan tsohuwa, sai wani rafi ya buɗe a ƙasa. Ta ja gabas, rafi ya yi gabas. Ta ja yamma, rafi ya yi yamma. Da ta gama, sai ta kwance bakin zane ta ɗauko gashin Zaki, ta murɗa, ta naɗe, ta kitsa gammo mai kauri mai laushi, ta ɗora daidai kan sanƙon, ya rufe shi ruf.

Tsohuwa ta miƙe ta ɗauki tulu ta aza. Ta yi taku ɗaya, ta yi biyu. Ta ce, "Kai! Ashe haka ake ji?" Ta yi dariya, ta karkata tulu.

Ruwa ya ɓarke, wuuu!

Gizo dai ba ya barin hali. Ya leƙo ya ce, "Ko an yufe, mun dai shan abin da ke ƙayƙashi!" Bai rufe baki ba ruwa ya yi sama da shi, ya wulwula shi, ya watsa shi can ƙuryar rufin ɗaki. Shi ya sa har yau kuke ganinsa a lungu yana ta saƙa, ba ya ce wa kowa uffan.

Uwar Gulbi ta ɗora Ladingo a kan ruwa kamar a kan tabarma. Ungulu tana shawagi a sama, Zaki yana gurnani a gaɓar dama, Beguwa tana rawa a gaɓar hagu, ƙayoyinta suna caccaka. Mutanen Marken Tudu suka ji ruri, suka fito. Ga ruwa, ga Ladingo a kansa, ga tsohuwa a baya da kitso sabo fil! Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka ɗauko ganguna, yara suka faɗa ruwa da rigunansu.

Aka fito da Tabawa, ta rame, ana riƙe da ita. Ladingo ta matsa ta raɗa mata a kunne abin da ya cinye gashin tsohuwa. Tabawa ta dubi tulun, ta dubi gammon, ta zube ƙasa. Ba bakin magana. Sai ta kwance ɗankwalinta, a gaban kasuwar nan da ta tara, ta ɗora kanta a kan ƙafafun tsohuwa.

Tsohuwa ta ce, "Yau ke ce a ƙasa, kanki a buɗe. Ga jama'a. In faɗi abin da na gani?"

Jama'a suka matso su ji.

Tsohuwa ta sunkuya, ta ɗauki ɗankwalin, ta rufe mata kai da hannunta. Ta ce, "Ban ga komai ba sai kan uwar Ladingo."

Nan take silin farko na harshen ya warware. Na biyu ya warware. Na uku ya warware. Tabawa ta buɗe baki, kowa ya kasa kunne ya ji me bakin nan zai fara da shi.

Ta ce, "Sannu, Iya. Ki yafe ni."

Ladingo ta ce, "Inna, sake faɗa in ji!" Ta faɗa jikinta, suna kuka suna dariya. Aka kwana uku ana kiɗa. Daga ranar Tabawa ta mayar da kitsonta cikin ɗaki, ta sa labule. Kuma kafin ta taɓa kan kowace mace, sai ta zagayo ta gaba ta dubi fuskarta tukuna.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa tukunyar miya, mai rabo ya tsamo. Ƙaryar da ke ciki ta Gizo ce, ku bi shi lungu ku tambaye shi.

Abin da nake so ku tafi da shi ɗaki: in kun ga tabo a jikin mutum, kada ku tara masa jama'a, wataƙila kayanku ya ɗauka ya same shi. Ku faɗi gaskiya, amma ku matsa kusa ku yi ƙasa da murya. Kuma in wanda aka yi wa bai yi dariya ba, to ba wasa ba ne. Kai Ɗanjuma, da kai nake, na ji abin da ka kira ƙanwarka ɗazu. Tashi ka ce mata sannu.